Sun Daina Kula da Python 2, Ya Zan Yi da Sakamakon Ɗalibaina?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni ke kula da kwamfuta a wata makarantar kuɗi da ke Jekadafari, cikin garin Gombe. Wanda na gada ya bar mana wata 'yar manhaja da ya rubuta da yaren Python tun 2016. Malamai kan cika maki a Excel, ita kuma ta tara, ta raba, ta fitar da na ɗaya da na biyu, mu buga wa kowane yaro takardar sakamakonsa. Bana mai makaranta ya sayo sabuwar kwamfuta. Na sa mata sabon Python, manhajar ta ƙi tashi. Na koma na sa tsohon, sai ga gargaɗi wai an daina kula da shi tun 2020, kuma sabon openpyxl, wanda ke karanta mana Excel ɗin, ya ƙi zama a kansa. Malam, me ya sa za a yi watsi da abin da ke aiki lafiya lau? Ai da tsohuwar zuma ake magani. Ko dai dabara ce ta a sa mu kashe kuɗi? Saura mako 3 mu raba sakamako, yara kuwa sun haura 400.

AMSA: Wa alaikumus salam, ƙanena. Bari in fara da abin da ya fi gaggawa, tunda mako 3 ba lokaci ba ne. Kada ka taɓa komai a wannan zangon. Idan tsohuwar kwamfutar tana nan, ko da a sito aka jefa ta, ɗauko ta, ka kaɗe mata ƙura, ka fitar da sakamakon bana a kanta kamar yadda kuka saba. Idan an sayar da ita ko ta mutu, Python 2.7.18 yana nan a shafin python.org har yanzu, ba a goge shi ba, kuma yana zama a sabuwar kwamfuta. Sai ka nemi openpyxl mai lamba 2.6.4, shi ne na ƙarshe da ya yarda da tsohon yaren. Ka rubuta pip install openpyxl==2.6.4, gargaɗin zai fito, ka bar shi ya yi maganarsa, aikin zai shiga. Kafin duk wannan, ka kwafi manhajar da fayilolin makin a filashi biyu, ɗaya a makaranta, ɗaya a gida.

To, yanzu sai zancen zargi. Na fahimci abin da ya sa ranka ya sosu, domin mu nan duk abin da aka ce ya tsufa, kuɗi ake nufin mu ciro. Amma wannan karon ba haka ba ne, kuma ina so ka ji dalili.

Python ba hajar wani kamfani ba ce. Wani mutumin ƙasar Holan, Guido van Rossum, shi ya fitar da shi a 1991, kuma tsohon da sabon duk kyauta ne, ko sisi ba wanda zai karɓa a hannunka. Python 2 ya fito a 2000. A Disambar 2008 aka fitar da Python 3, kuma tun ranar aka faɗa ƙarara cewa an sauya wasu ƙa'idojin yaren, abin da aka rubuta da tsohon ba lallai ya yi aiki a sabon ba sai an gyara. A 2010 aka fitar da 2.7 a matsayin autan tsohon gidan, aka ce daga shi babu 2.8. Da farko 2015 aka sa za a sallame shi. Da aka ga jama'a ba su shirya ba, a 2014 aka ƙara shekara 5, aka kai wa'adin 2020, daga baya aka tsayar da ranar 1 ga Janairu. Ko bayan wa'adin ma sai da aka yi masa gyaran bankwana a Afrilun 2020, shi ne 2.7.18 ɗin da na ambata. Ka ƙirga, daga Disambar 2008 zuwa Janairun 2020 shekara 11 ke nan ana shela. Ba irin canjin kuɗin farkon 2023 ba ne, wanda tsohuwar takarda ta zama abin gudu cikin 'yan makonni. Wannan tsohon yana ci har gobe a cikin shagonka. Abin da ya ƙare shi ne ba mai sake yi masa faci idan ya huje.

Haƙiƙa ma, lokacin da magabacinka ya zauna rubuta manhajar a 2016, an riga an san shekarar. Ban ga laifinsa ba. Da yawa daga cikinmu haka muka yi a shekarun nan, domin da tsohon muka koya, littattafan da ke hannunmu shi suke koyarwa, kuma 2020 tana yi mana kamar ba za ta zo ba.

Su kuma masu kula da ƙananan kayan aiki irin openpyxl, akasarinsu 'yan sa-kai ne, mutane ƙalilan da ke yin abin bayan sun tashi daga aikin da ke ciyar da su. Muddin suna riƙe da yare biyu, duk gyaran da suka yi sai sun rubuta shi ta yadda zai gamsar da tsoho da sabo, su gwada shi sau biyu, su amsa koke daga ɓangare biyu, kuma duk wani sauƙi da sabon yaren ya kawo ba su da damar amfani da shi, don tsohon ba zai gane ba. Taura biyu ba ta taunuwa. Shi ya sa ɗaya bayan ɗaya suka sauke: Django, na gina shafukan intanet, ya sauke a Disambar 2017 da fitowar 2.0. QGIS, wanda masu safiyo da zanen taswira ke amfani da shi, ya koma Python 3 a 2018. NumPy da pandas, na aikin lissafi da sarrafa bayanai, da openpyxl duk a 2019. Shi kansa pip, mai ɗauko kayan daga intanet ya girka maka, ya yi haƙuri har Janairun 2021, lambarsa ta ƙarshe ga tsohon yaren ita ce 20.3.4. Ni ina ganin sun yi daidai, kuma da ni ne a kujerarsu haka zan yi.

Zuma kam ba ta lalacewa, gaskiyarka. Amma manhaja ta fi kama da ginin ƙasa, wanda sai ana bin sa da yaɓe kowace shekara kafin damina. Duk ɓarakar da aka gano a Python 2 daga 2020 zuwa yau, ba wanda ya toshe ta a hukumance, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Sai dai zan faɗa maka gaskiya kada in tsorata ka a banza: manhajar da ke zaune a ofis tana karanta makin da malamanku suka cika, ba ta hulɗa da intanet, haɗarinta ta wannan fuskar kaɗan ne. Da shafin intanet ne da iyaye ke biyan kuɗin makaranta ta kansa, da na ce ka bar duk abin da kake yi ka gyara yau. Taka matsalar daban ce. Kullum wurin da tsohon zai zauna ƙara ƙanƙancewa yake. Apple ya cire shi daga kwamfutocinsa a 2022, sababbin Linux, wato tsarin tafiyar da kwamfuta irin Windows, ba sa zuwa da shi, yaran da ke fitowa daga jami'a yanzu ba su taɓa ganinsa ba. Ranar da ka bar makarantar, wanda zai gaje ka zai fi ka shan wuya. Saboda haka ƙaura ta zama dole, amma a hutu, ba a makon jarrabawa ba.

Yanzu ga inda nake so ka buɗe kunne sosai, domin a nan ne haƙƙin yara yake.

Kurakuran da ke sa manhajar ta ƙi tashi su ne masu sauƙi, tunda da bakinsu suke faɗa maka inda suke. A tsohon yaren ana rubuta print "Sannu", a sabon sai an sa maganar cikin baka biyu, print("Sannu"). Ina kyautata zaton shi ne ya tsayar da kai tun farko. Haka raw_input ya koma input, xrange ya koma range. Akwai wata 'yar manhaja mai suna 2to3 da ke bin rubutun tana yin irin waɗannan gyare-gyaren da kanta. Tana cikin Python 2.7 da ka riga ka girka, tana kuma cikin sabon har zuwa 3.12, amma an cire ta daga 3.13 wanda ya fito a Oktoban 2024, kada ka wahalar da kanka nemanta a can.

Abin tsoron shi ne wanda ba ya kuka. Manhajar za ta tashi, firinta ta buga, takardu su fito tsaf, amma lissafin ya sauya ba wanda ya sani. Kuma 2to3 ba ta gyara wannan.

Na farko rabawa. A Python 2, idan ka raba cikakkiyar lamba da cikakkiyar lamba, cikakkiyar lamba zai ba ka, ya zubar da ragowar. Ka ce masa 5/2, ya ce 2. Python 3 zai ce 2.5. Ɗauki yara biyu a aji ɗaya masu darussa 9. Ɗaya ya tara maki 629, ɗaya 626. Matsakaicin na farko 69.89 ne, na biyu 69.56. Tsohon yaren zai rubuta wa kowannensu 69, sai dai idan wanda ya rubuta manhajar ya yi dabarar kauce wa hakan, misali ya sa float, wato lamba mai ɗigo irin 2.5, a lissafin, ko ka ga layin from __future__ import division a can sama. Idan bai yi ba, kuma da matsakaicin ake jera matsayi, to shekara da shekaru kuna haɗa yara a matsayi ɗaya alhali ɗaya ya fi ɗaya, kuna kuma hana yaron da ya kusa 70 abin da malami da biro zai cika masa. Ban ce haka ya faru ba, na ce ka duba. Ɗauki takardun yara 5 na bara, ka lissafa da kalkuleta, cikin minti 10 za ka sani.

Na biyu cikawa, wato abin da round ke yi da rabi. Tsohon yana ɗaga rabi sama kullum, 44.5 ya zama 45. Sabon yana kai rabi ga lambar da ta rabu biyu daidai a kusa da shi, saboda haka 44.5 zai koma 44, amma 45.5 ya tafi 46. Masu lissafi suna da hujjarsu, don kada a riƙa karkata gefe ɗaya idan lambobi sun yi yawa. Sai dai idan a makarantarku 45 ce iyakar wani mataki, yaron da ya samu 44.5 bara ya haye, ƙaninsa ya samu 44.5 bana ya faɗo, kuma uwarsu ɗaya, za ta ajiye takardun biyu gefe da gefe. Wannan ba hukuncin kwamfuta ba ne, ba kuma naka ba ne. Ka kai wa hedimasta maganar, su zauna su yanke yadda suke so a yi da rabin maki, a rubuta a takarda, kai kuma ka sa manhajar ta bi.

Ina nanata wannan ne domin ya taɓa faruwa da ni. A 2020 na mayar da wata 'yar manhaja da na rubuta wa wata ƙungiyar manoman rani a wajen Dadin Kowa zuwa sabon yaren. Aikinta raba takin zamani tsakanin rukunonin ƙungiyar, ta kuma nuna abin da ya rage a sito. Na gyara duk inda ta yi kuka, na ga ta tashi, na miƙa. Ranar rabo buhu 125 ne, rukuni 10. A da za ta ce kowane rukuni buhu 12, ragowa 5. Ran nan ta buga 12.5, ragowa babu. Ba wanda zai farke buhu a tsakiyar fili, sai aka ba kowa 12, buhu 5 suka rage a sito, takarda kuwa ta ce ba abin da ya rage. Magatakardan ƙungiyar dattijo ne mai amana, ya kira ni da yamma muryarsa na rawa, domin an fara ƙus-ƙus cewa shi ya shirya takardar don ya ɓoye biyar ɗin. Washegari da sassafe na hau mota na je, na tsaya gaban shugabanninsu a ƙarƙashin bishiyar da suke taro, na ce kuskuren nawa ne, na nuna musu a allon kwamfutar. Gyaran bai wuce ƙara karan tsaye ɗaya ba, / ya koma //, wanda shi ne rabawa mai zubar da ragowa a sabon yaren. Amma dattijon nan ya kwana da zargi a kansa saboda ni, kuma har yau idan na tuna sai in ji ba daɗi.

Tun daga ranar ga yadda nake yi, kai ma haka nake so ka yi idan an tafi dogon hutu. Ka bar tsohuwar manhajar yadda take, ka yi aiki a kan kwafi. Ka fara tayar da ita a tsohon yaren da alamar -3 a gaban umarnin, zai riƙa yi maka gargaɗi a wuraren da sabon zai saɓa, har da wuraren rabawa. Bayan 2to3 ta gama nata, ka bi rubutun da idonka, duk inda ka ga / ko round ka tsaya ka tambayi kanka me ake nufi a nan. Sannan ka ɗauko makin zangon da ya wuce, wanda an riga an raba takardunsa, ka ba tsohuwar, ka ba sabuwar, ka jera abin da suka fitar yaro da yaro, ba samfur ba, duka. Duk inda suka saɓa sai ka san dalili kafin ka wuce. Wani saɓanin zai nuna sabuwar ce ta yi kuskure, wani kuma zai nuna tsohuwar ce ta daɗe tana yi. A zangon farko bayan hutu ka sake tafiyar da su tare, sai ka gamsu sannan ka ajiye tsohuwar.

Akwai kuma riba a ƙaurar da ta shafe mu kai tsaye, mu masu rubuta Hausa. Ka duba tsofaffin takardunku, ina da yaƙinin Ɗahiru yana fitowa Dahiru, Ƙasimu yana fitowa Kasimu, ko kuma magabacinka ya hana malamai sa haruffa masu lanƙwasa gaba ɗaya don manhajar kan tsaya idan ta gamu da su. Dalili shi ne tsohon yaren ya ginu a kan tsarin ASCII mai alamomi 128, wanda ba ƙ, ba ɗ, ba ɓ a cikinsa. Yana iya ɗaukar su, amma sai mai rubutu ya yi taka-tsantsan a kowane layi. Ka tambaye shi haruffa nawa ne a kalmar ƙasa, zai iya ce maka 5, domin ƙ gurbi biyu take ci a ma'ajiya, shi kuma gurabe yake ƙirgawa. Python 3 zai ce 4, kuma idan ka ce ya mayar da suna manyan baƙaƙe, ƙ za ta zama Ƙ yadda ya kamata. Wannan gyaran na Yunikod, wato tsarin da ya ƙunshi haruffan harsunan duniya, yana cikin manyan dalilan da suka sa aka yarda a karya tsohon tsarin tun farko. Abu ɗaya za ka kiyaye a Windows: duk inda manhajar ke buɗe fayil na rubutu, ka ƙara encoding="utf-8", ka kuma tabbatar salon rubutun da kuke bugawa da shi yana da haruffan. Yaro ya ga sunansa yadda mahaifinsa ya raɗa masa, wannan kaɗai ya isa a yi wahalar.

Ka kuma sani cewa ba daga wannan an gama ba. Yanzu kowace Oktoba ake fitar da sabon Python 3, kowanne kuma shekara 5 ake kula da shi. Sauye-sauyen ba su kai na wancan karon zafi ba, amma ka rubuta a takarda lambar Python da ta openpyxl da ka yi aiki da su, ka ajiye tare da manhajar, don na bayanka ya samu abin da kai ba ka samu ba. Idan ka maƙale, aiko min da layin da ya gagara ta adireshin mujalla, amma ka cire sunayen yara.

TAMBAYA: Malam, ina da shagon buga takardu a Wunti, Bauchi. Ɗana yana son koyon Python a kwamfutar shagon da daddare, amma sabon ya ƙi shiga. Windows 7 ce a kanta.

AMSA: Hajiya, Allah ya yi wa yaron albarka. Python 3.8 shi ne na ƙarshe da ke shiga Windows 7, daga 3.9 an daina. Shi ma 3.8 ɗin wa'adinsa ya cika a Oktoban 2024, ita kuma Windows 7 tun 14 ga Janairun 2020 Microsoft ya daina yi mata gyara. Don koyo kawai, 3.8 ya ishe shi ya fara, duk ginshiƙan yaren suna ciki, kuma ba zan ce ki sayi sabuwar kwamfuta a wannan tsadar don yaro ya koyi darasin farko ba. Abin da ya fi damuna shi ne kwamfutar shago ce, filashin mutane iri-iri na shiga cikinta kullum, takardun kwastomomi kuma suna ciki. Kada ki bari ya riƙa sauke abubuwa barkatai daga intanet a kanta. Idan akwai wata tsohuwa da aka ajiye, a sa mata Linux mara nauyi, kyauta ne, sabon Python zai zauna a kai, ta zama tasa shi kaɗai.

TAMBAYA: Ni ɗalibi ne a Tudun Wada, Gombe. Yayana ya ba ni littafin koyon Python da ya yi amfani da shi, amma misalan ciki suna ƙin aiki. In nemi tsohon Python ɗin ne?

AMSA: A'a, ƙanena, kada ka fara da abin da aka sallama. Buɗe littafin ka duba, idan ka ga print ba baka biyu, ko ka ga raw_input, na Python 2 ne. Ka sa sabon a kwamfutarka, ka bi darasin koyo da ke shafin python.org, kyauta ne, ana ma iya sauke shi gaba ɗaya a karanta ba tare da data ba. Littafin yayanka kuma kada ka jefar. Bayan wata 2 ko 3, idan hannunka ya faɗa, ka dawo kansa ka riƙa ɗaukar misalan ɗaya bayan ɗaya kana mayar da su sabon yaren, kana lura da wuraren rabawa. Akwai makarantu da shaguna da ƙungiyoyi a Gombe da ke zaune a kan tsofaffin manhajoji irin na mai tambayar farko, kuma za su buƙaci wanda ya iya wannan aikin.